Teburi Mai Ƙafa Uku

Babba, Nas, Auta, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare ni. Na kira ku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce zai neme ni in ya sami sarari. Tunda na ga a waya ne kuke da sarari, to a nan zan faɗa, jama'ar shafin nan su ma su ji. Wanda zai ji kunya ya ji, ni dai na wuce shekarunta.

Akwai wani kafinta da unguwa duka ke kira Ba-Kuskure. Ba shi ya sa wa kansa sunan ba, aikinsa ne ya jawo. In ya haɗa katako biyu, sai ka bi da yatsa ka rasa inda suka haɗu. Tef na rataye a wuyansa kamar ado, da taƙin hannu yake awo, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, kuma ko ka bi bayansa da tef ɗin ba za ka kama shi ba.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Zarto biyu, guduma, gwangwanin gam, garin katako har idon sawu. Matarsa na zama a bakin rumfar tana sayar da sabulu da ashana. Mace ce mai ido. Ba a cutarta, ita ma ba ta barin abu ya wuce ta.

Majami'arsu ƙarama ce, benci takwas. Mai kula da ita wani dattijo ne, Baba Fasto kowa ke ce masa. Shi ya yi wa kafinta baftisma, shi ya haɗa aurensu, shi ya koya wa matar karatu harafi-harafi bayan an tashi sujada.

Ana nan ciwo ya kama ƙafafun Baba Fasto, ya koma keken guragu. Teburin da ake Jibin Ubangiji a kai dogo ne, na mai tsayuwa. In ya zauna a bayansa, goshinsa kaɗai ake hangowa. Shi da kansa yake yi wa kansa ba'a.

"Jama'a na ganin gurasa tana tashi sama, ba sa ganin mai ɗaga ta. Kada yara su ɗauka mu'ujiza ce."

A daminar shekarar, tsawa ta faɗa wa tsohuwar bishiyar da ke harabar majami'ar. Da aka tsaga ta, sai ga katako ja wur, da wani baƙin zane yana bin tsawonsa inda wutar ta bi. Babu yawa, mafi yawanta ya ƙone. Kafinta ya miƙe a gaban ikkilisiya, ba wanda ya tambaye shi, ya ce zai yi teburin Ubangiji da shi, gajere, daidai da zaman Baba.

Ya durƙusa a gefen keken ya auna daga ƙasa zuwa saman gwiwar dattijon.

"Taƙi uku," in ji shi. "Kafin wata ya mutu, Baba, za ka karya gurasa kowa na ganin fuskarka."

"Fuskar nan ba abin kallo ba ce, amma na gode," in ji Baba Fasto.

Katakon ya fitar da saman teburi da ƙafa huɗu cif, ko guntu bai ragu ba. Cikin mako biyu ya haɗa sama, ya kafa ƙafa uku. Ta huɗun na kwance a kan bencin aikinsa, an goge ta da samfefa, shigarwa kawai take jira. Ya ce da safiyar Lahadi zai sa ta, ya ɗauki teburin a ka ya kai kafin a fara sujada.

Da safiyar Lahadin nan, ya riga ya sa farar rigarsa, sai mota ta tsaya a bakin rumfa. Direban wani mai otal ne. Ya sauke wata babbar kujera, irin ta tsofaffin masu hali, ƙafarta ta gaba ta karye. Ya ce kujerar mahaifin maigidansa ce, manyan baƙi za su zo da rana, kuma maigida ya ce ba ya son ƙafar da za ta bambanta da sauran. Ya ƙara da cewa otal ɗin na neman kafinta na dindindin.

Kujerar ja ce. Kafinta ya duba shagon duka, babu jan katako sai guda ɗaya.

Ya ce wa direban ya yi haƙuri, yau Lahadi, kuma wancan katakon yana da mai shi.

Sai matarsa ta ja shi bayan ƙofa.

"Kai wane irin mutum ne? Arziki ya tako da ƙafarsa har rumfarka, kana ce masa yau Lahadi?"

"Na Ubangiji ne, ke ma kin sani."

"Ubangiji zai gudu ne? Lahadi nawa ke cikin shekara? Wannan motar in ta juya ba za ta dawo ba. Sa masa ƙafar, gobe ka nemo wani katakon. Ruwa na zuba a kan 'ya'yanka in an yi hadari, kana nan kana tsarki."

Ya tsaya yana kallon ƙafar. Daga nesa ana jin an fara waƙar buɗe sujada. Ya cire farar rigar ya rataye a ƙusa.

Ƙafar kujera taƙi biyu ce. Ya ɗora zarto a kan ta teburin, ya yanke taƙi ɗaya. Guntun ya faɗi cikin garin katako ba tare da ƙara ba. Matar ta sunkuya ta ɗauke shi da niyyar sawa a murhu.

Mai otal ya ga aiki, ya rasa wace ƙafa ce sabuwa sai da ya lura da baƙin zanen. Ya ce wannan zanen ma ado ne. Daga nan ƙofa ta buɗe: gadaje, kujeru, kabad-kabad, ƙofofi. Sai dai otal ba ya son ƙarar guduma sai ranar da baƙi suka ragu, ranar kuwa Lahadi ce da safe.

Kafinta bai manta da teburin ba, kada ku ɗauka ya manta. Ya zaga kasuwannin katako. Duk wanda aka nuna masa sai ya kanga shi da ƙafafun nan uku ya girgiza kai. Wannan ya yi haske, wannan ya yi duhu, wannan ba shi da zane. Wani abokin sana'arsa ya ce masa, "Kai sa kowanne mana ka shafa fenti, wa zai leƙa ƙarƙashin teburi?"

Ya ce, "Ni Ba-Kuskure? In kai wa Ubangiji teburi mai ƙafar aro?"

Kun ji yadda magana ke da daɗi. Mai jin ta sai ya ce tsoron Allah ne. Ba tsoron Allah ba ne, tsoron a ga haɗi ne a aikinsa.

Baba Fasto ya sa aka kawar da dogon teburin tun da aka yi masa alkawari, don ya ce ba ya son sabo ya zo ya rasa wuri. Sai ya koma ɗora farantin gurasa da ƙoƙon Jibi a kan gwiwoyinsa. Wata Lahadi hannunsa ya yi rawa, ƙoƙon ya kife a cinyarsa, ruwan inabin ya bi wandonsa har ƙasa. Ya dubi jikinsa, ya ɗago, ya ce, "A ƙara zubawa. Ba ya ƙarewa."

Matar kafinta tana benci na uku ranar. Gefenta babu kowa. Da ta koma gida ba ta faɗa masa ba.

Bayan kwana biyu 'yar Baba Fasto ta turo shi a keke har rumfa. Lokacin shago ya zama ɗaki uku, har da injin yanka. An ture teburin can lungu, an tokare kusurwarsa da bulo, an ɗora gwangwanayen fenti a kai.

"Ba-Kuskure, na zo gaida maras lafiya," in ji dattijon.

"Wa ke ciwo, Baba?"

"Wancan ɗan'uwan nawa da ke lungu. Ni da shi duk ƙafa ce matsalarmu."

Kafinta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya hau bayani: katako ya yi wuya, aiki ya yi yawa, da zarar ya gama wannan kwangilar. Ya ƙare da cewa, "Ai Ubangijinmu ma kafinta ne, Baba. Ya san halin sana'a, zai gane."

"Ya san ta sosai," in ji Baba Fasto. "Shi ya sa ya san nauyin ajiye zarto, don shi ya ajiye nasa da lokaci ya yi. Ɗana, ka ɗauka teburi na biyo? Gwiwata ta isa teburi. Wurinka nake gani a benci na uku. Kawo shi da ƙafa uku ma, mu tokare da bulo, kai dai ka shigo tare da shi."

"Ba zai yiwu a gan shi haka ba, Baba. Ka ba ni wata ɗaya."

"Ni ba ni nake ba da watanni ba."

Bai cika wata biyu ba ya rasu. Kafinta ne ya yi akwatin gawar, kyauta, kuma ya yi kyau har mutane na shafawa. Ya yi shi cikin yini ɗaya. Ashe hannun na da sauri in ya ga dama.

Daga nan ne abin ya soma.

In an kunna injin yanka, ƙasa na rawa, bulon ya ɗan goce, sai teburin ya karkata ya bugi bango. Ƙwas. Sau ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi. Ma'aikata ba su damu ba. Shi kuwa duk inda yake sai kafaɗarsa ta ɗaga. Ya canja bulo, ya sa biyu, ya ɗaure da igiya. Ranar Lahadi da safe, titi shiru, babu ma injin da ke aiki, yana haɗa kaya zai tafi otal, sai ya tsaya cak.

"Kin ji?"

"Ban ji komai ba," in ji matar.

Ƙarya take yi.

Ta ce masa ya sayar da shi. Wa zai saya? Ya yi gajarta ga cin abinci, ya yi faɗi ga gefen kujera. An yanka shi daidai da gwiwar mutum ɗaya, mutumin kuma yana ƙasa. Ta ce to ya farfasa shi. Ya yi mata wani kallo da bai taɓa yi mata ba, ba ta sake faɗa ba.

Shekara ashirin da shida. Sun gina gida, rufin ba ya yoyo. Yara uku sun yi karatu. Ba zan ce muku arzikin bai yi daɗi ba, ya yi. Kafinta bai taɓa cewa ya bar bin Yesu ba. Kullum cewa yake yana nan zuwa. Yana aika baiko, kuɗin sadakar coci, ta hannun matarsa, da kauri kuwa. Ya saya wa majami'a fanka, ya saya mata ƙofar ƙarfe. Komai nasa ya shiga ɗakin nan, sai shi.

Wata ranar Talata, yana tsaye yana duba aiki, fensir ya faɗi daga bayan kunnensa, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace.

Mai otal ya aiko direba sau ɗaya. Ba gaisuwa ba, ƙofar wani ɗaki ce ta ƙi rufuwa, ko ɗan kafintan zai iya zuwa.

An sauke masa katifa a kan ƙaramin gado don kada ya faɗo. Yana kwance, hannun hagu kaɗai ke motsi. Sai matar ta lura yatsunsa na tafiya a kan zanin gado. Babban yatsa da na tsakiya, ya buɗe, ya haɗe, ya buɗe. Ɗaya, biyu, uku. Ya tsaya. Ya koma farko. Daga safe har rana ta faɗi. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ta ce jijiya ce ke yin haka. Matar ta san ba jijiya ba ce.

Sabon faston, wanda bai taɓa ganinsa a sujada ba, ya zo da dattawa biyu za su ba shi Jibin Ubangiji a gida. Suka rasa inda za su ɗora farantin. Teburin falo ya yi tsawo, ƙasa kuma bai dace ba. Sai maras lafiya ya hau wani gurnani, yana nuna ƙofa da hannu. Ba wanda ya gane sai ita. Ta tura babban ɗanta shago ya ɗauko.

Aka kakkaɓe ƙura, aka ajiye shi a gefen gadon. Samansa ya zo daidai da katifar, kamar don ita aka auna. Amma an manta da bulon. Fasto na ɗora ƙoƙo, teburin ya fara karkata.

Matar ta durƙusa ta tallabi kusurwar da hannu biyu.

Haka aka yi Jibin, tana durƙushe a inda ƙafa ta huɗu ya kamata ta tsaya. Katakon na da nauyi, tana kallon ruwan cikin ƙoƙon yana kaɗawa. Fasto ya sa masa gurasa a baki. Hawaye na bin gefen da bai shanye ba. Ya dube ta, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya fitar da kalma biyu.

"Kowane... katako."

Ubangiji ya karɓe shi ranar nan, wannan ba na shakka. Amma ya karɓi mutumin da ba ya iya ɗaga guduma, ba ya iya rera waƙa, ba ya iya taka ƙofar majami'a. Shekarun ƙarfin an kai otal. Kwana tara bayan haka ya cika, yatsunsa a buɗe a kan zani.

Ba sai na ɓoye muku ba, kun riga kun gane. Kafintan ubanku ne. Matar da ta ja shi bayan ƙofa kuwa ni ce. Kun taso kuna cewa Mama ce mai zuwa coci, Baba ne mai taurin kai. To yau ku gyara. Ni na cire masa farar rigar nan da bakina, sannan na yi shekara ashirin da shida ina zama a benci na uku ana ce mini uwar kirki.

Teburin yana nan a baranda tun ranar, shekara biyu ke nan. In aka rufe ƙofar kicin da ƙarfi, yana bugun bango. Yanzu ba ni da wanda zan ce wa ban ji ba.

Ga abin da ya sa na tara ku. Makon jiya magadan mai otal suka kwashe tsofaffin kaya suka jibge a shagonka, Babba, wai ka ga na gyarawa. Na zo wucewa na ga kujerar. Gara ta cinye ta, baya ya ruɓe, ƙafa uku sun zama gari. Guda ɗaya ce a tsaye lafiya lau, ja, da baƙin zanenta.

Guntun nan kuma ban sa shi a murhu ba. Na kai shi bakin wuta hannuna ya ƙi. Yana ƙasan akwatina, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ubanku ya mutu bai sani ba, don nuna masa yana nufin in ce na yi laifi, ni kuwa lokacin bakina bai iya wannan kalmar ba.

Taƙi biyu da taƙi ɗaya. Ko ni da ban shiga aji ba na san amsar.

Na cire ƙafar, na ɗauko guntun, na kawo maka su biyun, Babba, na ajiye a kan bencin ubanka. Ka juya su a hannu, ka ce, "Mama, haɗin zai nuna. Bari in gama wannan kwangilar, in nemo katako mai kyau." Ranar Lahadi ce ka faɗa mini haka, injinka na aiki. Sai da na dafa bango, don muryarsa ce sak.

Ke Nas, kin ce coci na da teburin gilashi yanzu, me za su yi da wannan. Na tambayi fasto. Ya ce yana da tsofaffi goma sha ɗaya da ke kwance a gida, kuma kullum a gwiwa yake ɗora faranti. Ya ce a kawo ko da haɗi goma ne. Ke kuma yaushe rabonki da sujada? Kin ce aikin asibiti ne. Na yarda ciwo ba ya sanin Lahadi, amma ke kike roƙon a ba ki ranar don an fi biya, abokiyar aikinki ta faɗa mini.

Kai Auta, kada ka yi murmushi. Kai ka ce za ka dawo wa Ubangiji in ka tsaya da ƙafarka. Ubanka ya tsaya da tasa har ta kife shi.

Ba sabon katako nake so ba. Ina son a haɗa waɗannan biyun, haɗin ya fito fili, duk wanda ya sunkuya ya gani ya tambaya, a ba shi labari. Gam da ƙusa biyu, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Ranar Asabar za a yi shi. Ranar Lahadi kuma ba a mota za a aika shi ba, ba ma'aikaci ne zai kai ba. Kusurwa huɗu gare shi, mu huɗu ne. In mun ajiye, benci na uku yana ɗaukar mutum huɗu.

Darasi: Ubangiji bai ce ka kawo masa aiki maras haɗi ba, kai yake kira, kuma yau yake kira. Duk abin da ka ce wa Yesu ya jira har ka gama, shi ne ubangijinka na gaskiya, ko kwangila ce, ko suna, ko rufin ɗaki. Kada kuma ka zama bakin da zai ja wani bayan ƙofa. Wanda ya karanta ya tura wa duk mai teburi a lungu, tun hannunsa na motsi.

Ku kuma ku ukun, ku zauna ku yanke magana kafin Asabar, ku faɗa mini da baki ɗaya. In za ku ɗauka, ku ce za ku ɗauka. In ba za ku ɗauka ba, ku zo ku fitar da shi daga barandata ku kai gidan wanda ya ƙi a cikinku, ya riƙa ji shi ma. Ni na ji iya nawa.